Arzikin mutane: Prescott Bush, ɗan bankin da ya kafa gidan siyasa

Duk ɗan Nijar da ya mallaki hankalinsa a 2003 ya san sunan Bush, kuma ba ta hanyar alheri ba. Ranar 28 ga Janairun waccan shekara George W. Bush ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Hussein yana neman yuraniyom mai yawa daga Afirka. Bai kama sunan ƙasa ba, amma kowa ya san inda aka dosa, don takardun da ke yawo a lokacin cewa suke Nijar ta yarda ta sayar wa Iraƙi tan 500. Takardun kuwa na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan Oktoban 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali mutumin ya bar kujerar tun 1989. Tsohon jakada Joseph Wilson, wanda aka turo Yamai a Fabrairun 2002 ya bincika, ya koma gida ya ce da wuya ƙwarai a ce an yi wannan ciniki. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta fito ranar 7 ga Maris ta ce takardun ba na gaskiya ba ne. Kafin mako biyu ya cika, bama-bamai sun fara sauka a Bagadaza.

A fadodin Maradi an sha shayi a kan wannan magana har an gaji. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne daga ina gidan ya fito, har uba ya yi shugabancin Amurka daga 1989 zuwa 1993, ɗa ya yi daga 2001 zuwa 2009, wani ɗan kuma ya riƙe jihar Florida shekara takwas. Amsar tana wurin kakan, Prescott Sheldon Bush, ma'aikacin banki da ya shiga majalisar dattawa yana da shekara 57, ya kuma rasu a 1972 bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan rantsuwoyi ba.

An haife shi ranar 15 ga Mayun 1895 a Columbus ta jihar Ohio. Mahaifinsa, Samuel Bush, shi ne shugaban kamfanin Buckeye Steel Castings, mai narka ƙarfe yana ƙera kayan taragon jirgin ƙasa. Kafin shi, wanda ya riƙe kamfanin shi ne Frank Rockefeller, ƙanen attajirin man fetur John D. Rockefeller. A yaƙin duniya na farko an kira Samuel Washington aka ba shi sashen ƙananan makamai da harsasai a hukumar da ke tsara masana'antun yaƙi. Wato gidan yana da rufin asiri, yana da ƙofar shiga wurin manya, sai dai dukiyarsa ba ta kama ƙafar ta su Rockefeller ko Harriman ba. Wannan bambanci ya kamata a riƙe shi, don mutane da yawa suna zaton tarin kuɗi ne ya kai su inda suka kai.

Abin da uban ya saya wa ɗansa shi ne wurin zama. Ya tura shi makarantar kwana ta St. George's a Rhode Island, daga nan jami'ar Yale, inda kakansa, wani limamin coci, ya yi karatu tun shekarun 1840. A Yale Prescott dogo ne mai murya, yana waƙa a ƙungiyar mawaƙan ɗalibai, yana buga ƙwallon gora da golf. A 1916 aka ɗauke shi cikin Skull and Bones, ƙungiyar asirin da ke zaɓen ɗalibai 15 kacal kowace shekara. An yi ta ƙulla tatsuniyoyi a kan wannan ƙungiya, har da zargin cewa Prescott da abokansa sun tone ƙoƙon kan Geronimo, jarumin ƙabilar Apache, a 1918. Zuriyar Geronimo sun kai ƙara a 2009, kotu ta kore ta. Ni dai a ganina masu neman tsafi a labarin suna barin jaki suna dukan taiki. Babban sirrin ɗakin shi ne waɗanda ke zaune a cikinsa: cikin ƴan ajinsa akwai Roland Harriman, ɗan mai layin dogon Union Pacific, da Knight Woolley, da Neil Mallon. Duk ukun za su sake ɓullowa a rayuwarsa, kowanne a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Ya je yaƙi Faransa a matsayin kyaftin na rundunar igwa. Can ya yi wata ƙuruciya da ta bi shi: ya rubuto wasiƙar barkwanci gida cewa ƙasashe uku sun rataya masa lambar jarumta, iyaye suka ɗauka gaske ne, jaridar garinsu ta buga a shafin farko, daga baya mahaifiyarsa ta rubuta wa jaridar cewa wasa ne. Waɗanda suka rubuta tarihin gidan suna ganin wannan kunya na cikin dalilan da suka sa ya zama mutum mai tsananin kame baki, wanda ba ya son a yi alfahari a gabansa.

Da ya dawo bai shiga banki kai tsaye ba. Tallan kayan ƙarfe na gida ya fara a St. Louis, ya sayar da kayan shimfiɗar daɓe, ya yi aiki a kamfanin roba. A St. Louis ɗin ya haɗu da Dorothy Walker, aka ɗaura aure a Agustan 1921 a Kennebunkport ta jihar Maine. Surukinsa, George Herbert Walker, ɗan kasuwar kuɗi ne mai zafin nama, wanda Averell Harriman, yayan Roland, ya ɗauko don ya shugabanci sabon gidan zuba jarinsa a New York. A 1926 Prescott ya shiga wannan gida a matsayin mataimakin shugaba. Suruki ne a sama, abokin makaranta ne ƙanen mai gida. Ba na cewa bai iya aiki ba, duk shaidu sun nuna ya iya. Amma masu iya aiki a Amurka ta 1926 dubbai ne, ƙofar kuwa ɗaya ce.

A nan sai an ɗan tsaya a bayyana wane irin banki ake nufi, don ba irin wanda muke bin layi a ciki ƙarshen wata ba ne. Bayan rushewar kasuwar hannun jari ta 1929, tsohon gidan Brown Brothers, wanda asalinsa ya koma 1818, yana da suna da amana amma ya ji jiki. Ƴan Harriman kuma suna da tsabar kuɗin gado amma gidansu sabo ne. A 1931 aka haɗe su aka sami Brown Brothers Harriman, mai ofishi a lamba 59 kan titin Wall Street, Prescott na cikin abokan tarayya. Bankin tarayya ne: ba shi da masu hannun jari na waje, ƴan tsirarun mutane ne suka mallake shi, kuma idan aka yi asara, har dukiyar aljihun kowannensu tana ciki. Saboda haka ba a shigo da baƙo. Aikinsu shi ne lamunce wa manyan ƴan kasuwa a cinikin ƙetare, riƙe dukiyar masu dukiya, haɗa mai kamfani da mai jari, sannan a zaunar da ɗaya daga cikinsu a hukumar daraktocin kamfanin don ya sa ido. Ta haka Prescott ya zauna a hukumar gidan rediyo da talabijin na CBS, da ta kamfanin inshora na Prudential, da ta Dresser, mai ƙera kayan haƙar mai, inda aka naɗa abokinsa Neil Mallon shugaba.

Ɗan Maradi ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan tsari, don a kansa garin ya ginu. Zamanin gyaɗa, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ba kowa suke ba kuɗin awo ba, sai wanda aka sani, shi kuma ya rarraba wa yaransa su shiga ƙauyuka. Bara ya yi wa ubangidansa hidima shekaru, ya riƙe amana, ran nan a ba shi jari, ko a aura masa ƴa, ko a kai shi wurin wani Alhaji a Kano a ce “wannan yarona ne”, kalma uku da suka fi takardar banki nauyi. Da aka kafa kamfanin cinikin gyaɗa na SONARA da bankin BDRN bayan ƴancin kai, hanyar samun lasisi da bashi ta bi ta sanayya da jam'iyya, kuma bashin da aka ba manya bai dawo ba yana cikin abin da ya durƙusar da BDRN a 1990. Wani dattijo mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, da nake ba shi labarin Prescott, bai bari na kai ƙarshe ba ya ce: “Malam, ai wannan ba sabon abu ba ne. Mai kuɗi yana karyewa, mai mutane ba ya karyewa, sai dai ya durƙusa.” Abin da manyanmu ke kira arzikin mutane ke nan, kuma shi ne jarin gidan Bush na gaskiya.

Sai dai irin wannan arziki yana da ɗaya fuskar, kuma ta bayyana a 1942.

Tun 1924 gidan Harriman ya taimaka aka kafa wani ƙaramin banki a New York mai suna Union Banking Corporation. Aikinsa riƙe kuɗin wani bankin Rotterdam ta ƙasar Holan, wanda shi kuma na iyalan Thyssen ne, masu masana'antun ƙarfe na Jamus. Fritz Thyssen yana cikin attajiran farko da suka ba Hitler da jam'iyyarsa kuɗi tun kafin su hau mulki. Prescott Bush yana cikin daraktoci bakwai na Union Banking, yana riƙe da hannun jari ɗaya tak cikin 4,000. A Yulin 1941 wata jaridar New York ta buga cewa mai ɗaure wa Hitler gindi yana da dala miliyan 3 a ajiye a birnin. Bayan Amurka ta shiga yaƙi, ranar 20 ga Oktoban 1942, gwamnati ta ƙwace bankin a ƙarƙashin dokar hana ciniki da abokan gaba, ta kuma ƙwace wasu kamfanoni masu alaƙa da shi.

Iyakar abin da takardu suka tabbatar ke nan, kuma daga nan ne mutane ke rabuwa biyu. Masu son gidan suna cewa ciniki da Jamus halal ne a dokar Amurka har zuwa Disamban 1941, manyan kamfanoni da yawa sun yi. Thyssen kansa ya ɓata da Hitler a 1939, ya gudu, aka kama shi a Faransa, ya ƙare yaƙin a tsare. Ba a taɓa gurfanar da Prescott gaban kotu ba. Kuma babu wata shaida cewa yana da ra'ayin ƴan Nazi, abin da har wata babbar ƙungiyar Yahudawan Amurka ta fito ta faɗa a 2003. Masu ƙin gidan kuma, musamman a intanet, sun mai da shi “wanda ya ɗauki nauyin Hitler”, su ƙara gishiri su ƙara yaji. Duka biyun ba su gamsar da ni ba. Cewa shi ya gina mulkin Nazi ƙarya ce. Amma cewa hannun jari ɗaya ne kawai, don haka babu ruwansa, ita ma dabara ce, don a irin wannan banki darakta ba don yawan hannun jarinsa yake zaune ba, yana zaune ne a madadin masu dukiyar da ba a son sunansu ya fito. Daga 1933 zuwa 1941 duk mai karanta jarida a New York ya san abin da ake yi wa Yahudawa a Jamus, ya san kuma masana'antun ƙarfen ƙasar makamai suke ƙerawa. Sun ci gaba da riƙe ajiyar don abokin ciniki ne na tun da daɗewa, kuma a duniyarsu ba a yar da abokin ciniki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ma ba laifin ba ne, yadda maganar ta mutu ne. A shekarar da aka ƙwace bankin, Prescott shi ne shugaban gangamin tara kuɗi na ƙasa na USO, ƙungiyar da ke kula da walwalar sojojin Amurka. Abokin tarayyarsa Robert Lovett yana ma'aikatar yaƙi a matsayin mataimakin sakatare mai kula da jiragen sama. Averell Harriman wakilin shugaba Roosevelt ne a Landan, shekara mai zuwa ya zama jakada a Mosko. George, ɗan Prescott, ya shiga sojan ruwa ranar da ya cika shekara 18, aka harbo jirginsa a tekun Pasifik a Satumban 1944. Wa zai tsaya tonon wani ƙaramin banki? Prescott ya tsaya takara sau uku bayan haka, kuma maganar Union Banking ba ta zama abin yaƙin zaɓe ba ko sau ɗaya. Sai da jikansa ya hau mulki masu bincike suka koma ɗakin adana takardun gwamnati suka fito da fayilolin.

Siyasa kuwa daga ƙasa ya faro ta, a hankali. Yana zaune a Greenwich ta jihar Connecticut, garin masu hali, kullum ya hau jirgin ƙasa zuwa New York ya dawo da yamma. Wajen shekara 17 yana jagorantar zaman majalisar garin, aikin da ba albashi, ana gardama kan hanya da makaranta da harajin gida har dare. Daga 1947 ya zama mai tara wa jam'iyyar Republican kuɗi a jihar. Duk wanda ya san siyasa, ko ta nan ce, ya san mai riƙe da jakar jam'iyya ya san kowa kuma kowa yana jin nauyinsa.

Ga mu da majalisa ɗaya muka sani, ta depitoci, kalmar sanata daga rediyon Najeriya muka fi jin ta, inda kowace jiha ke da uku. A Amurka biyu ne ga kowace jiha, babba ko ƙarama, wa'adin shekara shida, kuma a lokacin Prescott su 96 ne kafin shigowar Alaska da Hawaii. Su ke amincewa da ministoci da jakadu da alƙalan kotun ƙoli, su ke tabbatar da yarjejeniya da ƙasashen waje. Kujera ce mai nauyi.

A 1950 ya nemi wannan kujera, ya kara da William Benton na Democrat. Ana saura kwana biyu zaɓe, ranar Lahadi, ɗan jarida Drew Pearson ya faɗa a shirinsa na rediyo cewa Bush yana da hannu a ƙungiyar ƙayyade iyali. Akwai ƙamshin gaskiya, don a 1947 shi ne ma'ajin gangamin tara kuɗi na Planned Parenthood. Connecticut kuwa cike take da mabiya ɗarikar Katolika, kuma a lokacin dokar jihar ta haramta amfani da maganin hana ɗaukar ciki, dokar da sai 1965 kotun ƙoli ta soke ta. Ya faɗi da ratar ƙuri'a 1,102 cikin sama da 800,000. Mu da muka ga yadda maganar tsarin iyali ke tayar da ƙura a wa'azi da gidajen rediyon garin nan, ba za mu yi mamakin yadda kalma ɗaya ta ranar Lahadi ta cinye shekarun shiri ba.

Talaka da ya sayar da gona ya yi takara, faɗuwa irin wannan ita ce ƙarshensa. Prescott ya koma tebirinsa a banki, kujerarsa tana jiransa. A 1952 ya sake nema, jam'iyya ta ba wani tikitin. Sai ɗaya sanatan jihar, Brien McMahon, ya rasu a watan Yuli, kujera ta biyu ta buɗe, aka ba Bush, ya kayar da Abraham Ribicoff a shekarar da guguwar Janar Eisenhower ta kwashe ƙasar. A 1956 ya kayar da Thomas Dodd ya sami cikakken wa'adi.

Shekaru goma da ya yi a majalisa ba su da hayaniya. Abokin golf ɗin Eisenhower ne, shi da ya taɓa shugabantar hukumar wasan ta ƙasa a 1935, kuma shugaban ƙasa yana son wasa da shi don ba ya yi masa sassauci. Ya zauna a kwamitin harkokin banki, da na ayyuka, da na soja. Ya taimaka wajen dokar 1956 da ta shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi. Bayan guguwa da ambaliyar 1954 da 1955 sun yi wa yankinsa ɓarna, ya tura dokokin gina madatsu da katangun kariya. Ya tsaya wa jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa da ake ƙerawa a Groton, cikin jiharsa, wanda kishin ƙasa ne kuma aikin yi ne ga masu zaɓensa. Ya jefa ƙuri'ar goyon bayan dokokin ƴancin baƙar fata na 1957 da 1960, kuma tun 1951 yana tara wa asusun jami'o'in baƙar fata kuɗi.

Inda ya nuna ƙashin baya shi ne kan Joseph McCarthy, sanatan da ya mai da farautar ƴan gurguzu sana'a, yana jifan ma'aikata da malamai da sojoji da zargi babu hujja, kowa yana tsoronsa. A yaƙin zaɓen 1952 McCarthy ya zo Bridgeport taron jam'iyya, zauren ya cika da masoyansa. Bush ya hau mumbari ya ce yana tare da manufar yaƙi da gurguzu, amma yana da ja a kan hanyoyin da baƙon nasu ke bi. Aka yi masa ihu. Ranar 2 ga Disamban 1954 majalisar ta tsawata wa McCarthy a hukumance da ƙuri'a 67 da 22. Ƴan Republican suka rabu gida biyu daidai, 22 nan 22 can, Bush yana cikin masu tsawatarwa, duk da McCarthy yana da farin jini a wurin Katolikan da suka kayar da shi shekara huɗu baya. Wannan na yaba masa. Sai dai kuma a lura, wanda yake da bankin komawa ya fi samun sauƙin faɗin gaskiya.

A gida mutum ne mai kwarjini da tsare gida. Yaran maza ba sa zama cin abincin dare sai da kwat da laƙtaye. Jikoki “Sanata” suke kiransa, ba kaka ba. Matarsa Dorothy ita ce mai horon gasa da hana fariya: yaro ya zo yana ba da labarin ƙwallon da ya ci, ta tambaye shi yadda ƙungiyar ta yi. A 1962 likita ya ba shi shawara, ya ce ba zai sake tsayawa ba, ya sauka a Janairun 1963, Ribicoff da ya kayar a da ya gaji kujerar. An ce ya yi nadamar saukar har ƙarshen rayuwarsa.

To me ya bar wa ɗansa? Ba kujera ba. George bai taɓa neman ƙuri'a a Connecticut ba. Da ya gama Yale a 1948, shi ma ta ɗakin Skull and Bones, sai ya kwashi matarsa da jaririnsu ya nufi yammacin Texas, labarin da aka riƙa bayarwa a yaƙin zaɓe a matsayin na saurayin da ya bar inuwar uba ya je ya nemi na kansa. Gaskiya ya tafi, gaskiya ya fara da share ɗakin ajiya da fentin injinan haƙa a Odessa. Amma kamfanin reshen Dresser ne, wanda ya ɗauke shi Neil Mallon ne, har George ya raɗa wa ɗaya daga cikin ƴaƴansa sunan Neil Mallon Bush. Da ya tashi kafa kamfaninsa na mai a farkon shekarun 1950, kawunsa Herbert Walker ne ya tattaro jari daga New York da Landan, uban ya sa nasa, har mai jaridar Washington Post na lokacin, Eugene Meyer, ya zuba.

Akwatin zaɓe kuwa bai yi masa kara ba. Ya nemi sanata a Texas a 1964, ya faɗi. A wannan takara ya yi adawa da babbar dokar ƴancin baƙar fata ta shekarar, saɓanin turbar ubansa, don abin da masu zaɓen Texas ke so ke nan, kuma daga nan za a ga abin da ake gada da abin da ake ajiyewa idan ya yi nauyi. A 1966 ya ci kujerar majalisar wakilai daga Houston, uban ya ɗaga waya ya kira tsofaffin abokai, sabon shiga ya sami wuri a kwamitin haraji, abin da aka yi shekaru da dama ba a ba sabon ɗan majalisa ba. A 1970 ya sake neman sanata, Lloyd Bentsen ya kayar da shi. Faɗuwa biyu ke nan a neman irin kujerar da ubansa ya riƙe. Sakamakon faɗuwar ta biyu shi ne shugaba Nixon ya naɗa shi jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma yana kan wannan muƙami Prescott ya rasu ranar 8 ga Oktoban 1972. Daga nan shugabancin jam'iyya, wakilci a Sin, shugabancin hukumar leƙen asiri ta CIA a 1976, duk naɗi ne, babu wanda ya bi ta akwati, har Reagan ya ɗauke shi mataimaki a 1980 bayan ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani. Shi ma George W. da faɗuwa ya fara, a takarar majalisar wakilai ta 1978, kamfanoninsa na mai suka yi ta tangal-tangal abokan gidan suna tallafewa, kafin ya ci gwamnan Texas a 1994.

Idan aka jera su, gidan ya sha ƙasa a 1950, 1964, 1970, 1978, 1980 da 1992, har da Jeb, ƙanen George W., a takararsa ta farko ta gwamnan Florida a 1994. Ba gida ne da jama'a ke rububi ba. Gida ne da faɗuwa ba ta fitar da shi daga fili, don kullum akwai mai kamfanin da zai ba da aiki, mai kuɗin da zai sake zubawa, shugaban da zai yi naɗi. Kuma wanda ya tashi a cikin irin wannan da'ira yakan saba da jin maganar mutanen ɗakinsu fiye da ta na waje, ko da na wajen shi ya je Yamai ya gani da idonsa. Fadar shugaban ta amsa a Yulin 2003 cewa bai kamata maganar yuraniyom ta shiga jawabin ba, shugaban CIA George Tenet ya ɗauki laifin, Birtaniya ta ce ita tana kan bakanta, shekara mai zuwa aka sake zaɓen Bush.

Amma tsarin yana da iyaka, kuma an ga iyakar. Jam'iyyar da Prescott ya sani, ta ƴan banki da lauyoyin gabashin ƙasar masu magana a hankali, ta koma hannun irin mutanen da suka yi masa ihu a Bridgeport. A 2016 Jeb Bush ya shiga takarar shugaban ƙasa, ƙungiyar da ke mara masa baya ta tara sama da dala miliyan 100, Donald Trump ya mai da sunan gidan abin zolaya a kan mumbari, Jeb ya janye a watan Fabrairu bai ci jiha ko ɗaya ba. A 2022 ɗansa George P. Bush, tattaɓa-kunnen Prescott, wanda ya riƙe ofishin filayen Texas wa'adi biyu, ya nemi babban lauyan jihar. Ya yi ta neman yardar Trump, Trump ya ba abokin hamayyarsa Ken Paxton, mutumin da ke da tuhuma a kotu a lokacin, kuma Paxton ya kwashe fiye da kashi biyu cikin uku na ƙuri'un zagaye na biyu. Brown Brothers Harriman kuwa yana nan a New York, ya tashi daga Wall Street ya koma lamba 140 a titin Broadway, kuma har yau abokan tarayya ne ke da shi.